Yatsu Goma Ko Baki Biyar

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Zakka da Runka da Safana, da na Batsari da Ruma, da duk wanda ya rataye rediyonsa a reshen bishiya a bakin gona, da uwargidan da ta ajiye tata a kan dangar kicin.

Sharhinmu na yau a kan busa yake. Na san wani zai ce, haba malam, mutanen da ke barci da ido ɗaya saboda abin da ke fitowa daga dajin Rugu, su za ka zaunar kana yi wa zancen busa? Tambayar tana bisa hanya, ban raina ta ba. Sai dai ni ban yarda a ce duk ranar da aka ambaci Zakka a rediyo, to labarin hari za a bayar ba. Bazakkake yana da kunne tun kafin a san bindiga a dajin nan, kuma kunnen nan nake son mu yi hira da shi na 'yan mintoci.

Mu fara daga tsakar gida. Mata uku sun kewaye turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta. Ta farko ta kafa sara. Ta biyu ba ta sauke tata tare da ta farko, sai ta bari an ɗaga sannan ta faɗa. Ta uku ta sami 'yar kafar da ta rage ta kutsa. Kafin ka ce kwabo lugude ya kankama, babu wadda ta tsaya don wata ta yi, kuma taɓare ba sa karo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a zaure yana sauraron wannan, to ya riƙe bakin zaren wani kiɗa da Turawa ke kira fuga.

Kalmar daga Latin take, ma'anarta gudu. Ga yadda ake ƙulla ta. Murya ɗaya za ta fito ita kaɗai da ɗan gajeren take. Da ta kai ƙarshensa, sai murya ta biyu ta ɗauki wannan take ɗin dai, amma a wani hawan sauti daban. Ita kuwa ta farko ba shiru za ta yi ba, gaba za ta ci da wani zancen da ya dace da na ta biyu. Ta uku ta shigo da taken, ta huɗu ta biyo ta. Daga nan sai ka ji taken yana ɓullowa can sama, ya nutse, ya sake leƙowa daga ƙasa, kamar yara masu wasan ɓuya a cikin dawa.

Kada wani ya ce ai wannan amshi ne, mun san shi. Da bambanci. Idan Alhaji Mamman Shata ya kai gaɓa, yaransa su amsa, shi ya numfasa, bi da bi ke nan. Ko gidan Musa Ɗankwairo, inda karɓeɓeniya ta yi suna, wannan ya cafe daga bakin wancan, duk da haka akasari zance guda ake miƙawa hannu zuwa hannu. A fuga babu ubangida babu ɗan amshi. Zance huɗu ne ke tafiya lokaci ɗaya, kowanne in ka ware shi waƙa ce mai zaman kanta, in ka haɗa su kuma ba sa cin karo. Wannan shi ne wuyar abin, kuma shi ne daɗinsa.

Wanda duniya ta sallama wa a wannan fanni wani Bajamushe ne, Yohan Sebastiyan Bak. An haife shi a garin Aizanak a 1685, ya rasu a Laibzig a 1750, wato shekara huɗu kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kiɗa gado ne a gidansu, kaka da kakanni, kamar yadda muke da gidajen taushi da na kotso. Mahaifinsa mabushin gari ne, hukumar gari ke biyansa, kuma cikin aikinsa har da hawa benen majalisa shi da yaransa sau biyu a yini su yi busa mutanen kasuwa su ji. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. A 1722 Bak ya tara fuga 24 a littafi guda, kowace da 'yar shimfiɗarta, bayan kimanin shekara ashirin ya ƙara wasu 24. A ƙarshen rayuwarsa kuma ya ɗauki take ɗaya tak ya yi ta juya shi, ya kifar da shi, ya ja shi ya yi tsawo, ya matse shi, ya sa muryoyi su tako sawun juna tun kafin ta gaba ta gama. Ajali ya riske shi bai ƙarasa ta ƙarshe ba, aka buga littafin a 1751 da wannan giɓi.

Abin da wannan aiki ke tuna mini, hatimi. A daidai zamanin da Bak ke wannan lissafi, wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina hatimi, a jera lambobi a gidaje ta yadda ko ta tsaye ka tara, ko ta kwance, ko ta karkace, jimla ɗaya za ka samu. A Alƙahira ya rasu a 1741. Ba su san juna ba, amma ƙwaƙwalwar iri ɗaya ce. Fuga hatimin sauti ce: bi murya guda daga farko zuwa ƙarshe ka ji ta daidai, tsaya a kowace gaɓa ka tara muryoyin huɗu ka ji sun daidaita.

To a kan me ake kaɗa ta? Yawanci a kan allon maɓallai irin na fiyano, ko kuma a kan ogan, wani katafaren abin kiɗa mai ɗaruruwan bututu, wanda iska ke shiga cikinsu daga zugazugi irin na maƙera, sai dai manya. A zamanin Bak mutane ake sa wa su yi ta zuga a baya. Mai kiɗan mutum ɗaya ne, da yatsu goma, da ƙafafu biyu da ke taka maɓallan ƙasa. Shi kaɗai zai zama mutum huɗu.

Gwaninta ce, babu musu. Amma ga mai sauraro irina, akwai matsala. Muryoyin nan huɗu daga ciki ɗaya suke fitowa, launinsu ɗaya. Kamar masaƙi ne ya saƙa zane mai ado da farin zare zalla: adon yana nan, sai dai mai ido ne kawai zai gan shi. Ranar da na fara jin fugar Bak a kan ogan, gaskiya ruri kawai na ji, kamar hadari ya taso daga gabas. Sai da na ji ita wannan fugar a bakin mabusa biyar sannan na gane ashe mutane ne ke magana. An rina zaren, kowanne da launinsa.

Su waye biyar ɗin? Biyu na riƙe da ƙaho mai siririyar murya, ɗan'uwan begilar da soja ke busawa. Na uku da ƙaho mai naɗi kamar gammo, muryarsa a lulluɓe kamar daga bayan dutse. Na huɗu da wanda ake ja ana turawa, mai muryar magidanci. Na biyar ya rungumi uwarsu duka, wadda ake kira tuba. E, tuba, amma ba ta barin zunubi ba, wannan ta tagulla ce, in ta yi gurnani sai ka ji a ƙirjinka. Irin wannan ƙungiya ba ta daɗe ba. Wani Bature mai suna Filib Jons ya kafa tasa a Landan a 1951, aka kafa Canadian Brass a Toronto ta ƙasar Kanada a 1970. Da suka duba suka ga manyan magabata ba su bar wa mabusa biyar wani abin kirki ba, sai suka shiga rumbun Bak suka yi awo.

Sai dai ɗauko kiɗa daga yatsu a kai shi baki ba kamar juye hatsi daga buhu zuwa buhu ba ne. Ogan ba ya numfashi. Muddin ana zuga, zai riƙe sauti har gobe. Bak ya san haka, shi ya sa yakan rubuta dogon zance babu waƙafi. Ɗan Adam kuwa huhu biyu gare shi. Saboda haka mai tsara wa mabusa dole ya zauna ya nemi inda zai yanka zancen ba tare da an ga tabo ba. Muryoyi huɗu ne, mabusa biyar, to na biyar ɗin nan shi ne maganin. Ƙaho na ɗaya zai ɗauko zance, numfashinsa na gab da ƙarewa sai na biyu ya karɓe a kan sauti guda, ya wuce da shi, mai sauraro bai san an yi canji ba. Leɓe ma yana gajiya, don shi ke karkarwa a bakin ƙarfen ya ba da sauti, dole a raba wa kowa hutu. Wani lokaci a sauko da kiɗan gaba ɗaya ko a ɗaga shi don ya zauna daidai da ƙahonin. Kuma akwai asara. Wurin da yatsu ke gudu kamar ruwan sama a kan kwano, in aka ba tuba, sai ta yi ta haki kamar an sa raƙumi tsere da zomo. Ba kowace fuga ce ke karɓar tagulla ba, wasu na ji an matsa musu sun koma hayaniya.

A nan ne nake tuna mai algaita, ina murmushi. Wannan matsala ta numfashi da ke sa Bature ya kwana yana lissafi, shi ya daɗe da kashe ta. Ya cika kumatu da iska, yana tura ta cikin algaita yana shaƙar wata ta hanci, sauti ba ya yankewa. Ogan ne mai tafiya da ƙafa.

Yanzu mu zo gida sosai. Duk wanda ya taɓa bin ayarin hakimi zuwa Katsina hawan Salla, ko na Sarkin Ruma daga Batsari, ko na Yarima daga Safana, ya tsaya a Ƙofar Soro cikin ƙura da hargowar dawaki, ya san lokacin da komai ke canjawa. Ganguna na tashi, algaita na kuka, kowane hakimi da makaɗansa. Amma da an ɗaga dogon ƙarfen nan sama an busa, ba sai an gaya maka ba, Sarki ya fito. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya fara, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ke nan kakaki ya haura shekara 500 a ƙasar Hausa.

Kakaki ba shi da rami ko ɗaya da za a toshe da yatsa. Bututu ne miƙaƙƙe, ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ana raba shi biyu in an gama. Sauti biyu ne jarinsa, na ƙasa da na sama. Amma da yake Hausa harshe ne mai hawa da sauka, biyun nan sun ishe shi magana. Ku faɗi kuka na hawaye, ku faɗi kuka ta miya, ku ji yadda murya ta sauka a ta biyun. Da wannan hawa da sauka kakaki ke kiran kirari, wanda ya san fada ya fassara maka. Kuma ba shi kaɗai yake aiki ba. Wannan ya busa ya ja numfashi, sauran su amsa, farai ya cike tsakani, ganga na riƙe da ƙasa. Lugude ne, da iska.

Ga abin da ya sa na zaɓi wannan batu. Tazarar da ke tsakanin sautin kakaki na ƙasa da na sama, masana kiɗa na kiranta hawa biyar. Ba wani ya zaɓa ba, haka Allah ya halicci iska a cikin bututu, ko a Katsina ko a Jamus. To ita wannan tazara ita ce ginshiƙin fuga, domin murya ta biyu da wannan tazara take amsa wa ta farko. Ƙari a kan haka, fugar da za mu sa muku yau, wadda ake yi wa laƙabi da Ƙarama, sautukanta biyu na farko wannan tsallen ne daga ƙasa zuwa sama. Haka ma taken littafin nan da Bak bai ƙarasa ba. Wato da za a kira Sarkin Kakaki, shi zai iya buɗe taron. A sauti na uku ne zai tsaya, don ba ya cikin bututunsa.

Turawa ma sun daɗe a tsaye a wannan wuri. Ƙahonsu na dā ba shi da maɓalli, kuma kayan sarauta ne. A 1623 sarkin daular Jamusawa ya ba mabusan ƙaho da makaɗan tambura takardar gata, wadda ta keɓe wannan sana'a ga fada da fagen yaƙi. Kakaki da tambari sai sarki, ashe ba mu kaɗai ba ne. Mabusan gari irin mahaifin Bak sai da wasu kayan busa suka fi yin aiki a kan bene. Ɗaya daga cikinsu, Gotfirid Raishe na Laibzig, ya buga guntayen kiɗa 24 na mabusa huɗu a 1696, har da fuga a ciki. Shi ne daga baya ya zama babban mabushin Bak. A watan Oktoba na 1734 sarki ya ziyarci garin, aka yi masa kiɗan Bak da dare a fili, ɗalibai na riƙe da sandunan wuta masu hayaƙi. Raishe, yana da shekara 67, ya yi busa iya ƙarfinsa. Washegari ya yanke jiki ya faɗi a hanyar gida, ya cika. Marubucin tarihin garin ya ɗora abin a kan wahalar busa da hayaƙin. Duk wanda ya ga jijiyar wuyan mai kakaki ranar hawa ba zai yi mamaki ba.

Abin da ya raba hanyarmu da tasu ƙaramin ƙarfe ne. A 1818 wasu Jamusawa biyu suka yi rajistar dabarar sa wa ƙaho 'yan fistin, in ka danna ɗaya iska ta bi wata karkatacciyar hanya, bututun ya ƙara tsawo, sauti ya canja. Fistin uku, sai ga dukkan sautuka sun samu. Tuba kuwa sai 1835 aka ƙirƙiro ta a Balin, shekara 85 bayan rasuwar Bak. Bai taɓa jin ta ba. Wasu masu tsattsauran ra'ayi kan ce saboda haka bai halatta a busa kiɗansa da ita ba. Ni ban bi su ba. Mutumin da ya tashi a gidan mabusa, ya kuma rubuta littafinsa na ƙarshe murya-murya bai ma ambaci abin da za a kaɗa shi da shi ba, ban ga alamar zai yi rowa ba.

Waɗannan ƙahoni masu fistin sun iso mana tare da sojan Turawa, muka sa musu suna badujala. Muna ganin su a fareti, ranar 1 ga Oktoba ko bikin yaye kurata. Benedict Odiase, shugaban badujalar 'yan sanda, shi ya tsara kiɗan taken Nijeriya na 1978, wanda aka yi amfani da shi har 2024. Ita ma fugar an yi ta a ƙasar nan: Ayo Bankole, haifaffen Jos a 1935, ya rubuta tasa ta ogan. Kayan aiki dai muna da su, masu huhu muna da su. Amma mun ɗaure badujala a turken hagu-dama, in ba maci ba ba ma kiranta.

Ga kuma abin da ya fi tsaya mini a rai. Su can sun ɗauki kiɗan da mutum ɗaya ke yi a kan maɓallai, suka raba wa mutum biyar, don a ji numfashi a cikinsa. Mu nan, tun da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, kishiyar haka muka yi. Muka tattara kalangu da algaita da sarewa da gurmi muka ɗura a cikin fiyano Yamaha, yaro ɗaya a ɗakin sitidiyo ya zama ayari guda. Ban zarge shi ba, sana'a ya samu, kuma akwai masu fasaha a cikinsu. Mai biki ma yana da hujja, ciyar da makaɗa goma da kuɗin motarsu a wannan zamani ba wasa ba ne, balle hanyar ma sai an yi addu'a. Amma ku saurari algaitar fiyano da kyau. Ba ta gajiya, ba ta kuskure, ba ta kuma jiran kowa. Babu wanda ya kalli idon wani kafin ya shigo. Ɗan mai algaitar gaske kuwa yana kan babur yana kabu-kabu, kumatun da ya kamata ya gada suna shan iskar titi.

Da ina da iko, da na haɗa su a inuwa ɗaya ko da yini guda: 'yan badujala biyar, da mai kakaki, da mai algaita, da yaron fiyanon nan ya zauna ya rubuta. A ɗauki taken noma guda, irin wanda ganga ke yi wa gwanin gayya, a ba kakaki ya buɗe, a ga ko zai karɓi amsa a hawa na biyar. Mai yiwuwa ya watse, taken da aka gina a kan karin harshe ba lallai ya yarda a kifar da shi ba, don in ka kifar da kuka ta miya ba ka san abin da za ka faɗa ba. Mai yiwuwa kuma a ji abin da ba a taɓa ji ba. Ni dai zan so a ce ina wurin.

To jama'a, abokin aikina ya ɗaga mini hannu, faifan na shirye. Bai fi minti huɗu ba. Ga abin da nake roƙo: kada ku yi ƙoƙarin jin komai da komai. Ku kama taken a bakin na farko, shi kaɗai zai fito, ku lura da tsallen nan na kakaki a sautuka biyu na farko. Sannan ku ƙirga da yatsa duk lokacin da wani ya shigo da shi. Na biyu zai zo a ƙasa da na farko, na uku a ƙasa da shi. Wajen minti guda za ku ji ƙasa ta motsa, to tuba ce ta iso. Uwargida, in kina daka, ɗan jingine taɓaryar. Bismilla, malam, sake shi.